Nonon da Tururuwa Ta Mutu a Ciki

Har yau a rugarmu, can gefen Kambaza, in mata suna son su ja kunnen amarya mai baki sai su ce ta yi hankali kada ta zama ni. Wai ni ce na tsaya a filin asibiti a Kalgo, gaban maza da mata, na ƙaryata uwar mijina. To, na yi. Ba zan ce ban yi ba, ba kuma zan ce na yi nadama ba. Abin da ke ƙona mini rai kawai shi ne kullum daga tsakiya suke ɗauko labarin, kamar haka kawai na wayi gari na haukace.

A gidan da na yi aure, in mace ta haihu ba a ɗora mata jariri a ƙirji sai an gwada nononta. Uwar miji ce ke gwadawa. Za ta tatsi kaɗan a ludayi, ta kamo tururuwa a gindin danga ta jefa a ciki, mata su kewaye suna leƙe. In tururuwar ta yi iyo ta kama gefe ta fice, sai a yi guɗa a miƙa wa uwa ɗanta. In ta mutu a ciki, shi ke nan, nonon mugu ne, yana da dafi, ba ɗan da zai sha shi. Haka Inna, uwar mijina, ta tarar ana yi, haka ta yi wa matan 'ya'yanta duka, kuma duk sun haye sai ni.

Haihuwata ta fari mace ce, jajur da ita, gashi kwance har goshi. Ina kwance ina satar kallonta, don ɗan fari ba a zuba masa ido gaban mutane, sai na ji ɗakin ya yi tsit. Inna ta karkata ludayin wajen hasken ƙofa, ta taɓa tururuwar da tsinke, ba ta motsa ba. Ta ce, "Innalillahi. Nonon ga mugu na." Daga ranar aka riƙa ɗura wa yarinyar madarar shanu da ruwan jiƙo, ni kuwa aka ɗaure mini ƙirji da zane, aka ba ni sassaƙe mai ɗaci wai ya ƙafar da nonon. Bai ƙafe ba. In ta yi kuka a ɗakin Inna sai in ji zanena ya jiƙe a nawa ɗakin. Zawo ya kama ta, ba ta cika arba'in ba.

Na biyu namiji ne. Wannan karon tun ciki yana wata huɗu nake shan maganin wankin nono, har na manta ɗanɗanon ruwa zalla. Inna ta yi mini adalci a ganinta, ta gwada sau biyu da tururuwa biyu. Duka suka mutu. Shi ya kai wata biyu da 'yan kwanaki, shi ma zawo. Mijina ya kai shi Gwandu, aka ba da ruwan gishiri da sukari da wasu 'yan ƙwayoyi da ake narkawa a cokali, ana ce musu zinki, amma an makara. Daga nan sunana ya koma mai wabi. Abin da ya fi ba ni haushi yanzu shi ne ni ma na yarda. Ni da nake tatsar shanu tun ban kai tsawon cinyar saniya ba, ni da na san maraƙin da aka hana dakashin uwarsa, wato nonon farko mai kauri, ba ya kai labari, ban taɓa kawo wannan a kaina ba. Na ɗauka ni ce mai dafi, har nakan ja da baya in aka miƙo mini ɗan wata.

Na ukun bai jira lokacinsa ba. Cikin yana wata bakwai da 'yan kwanaki, ana tsakiyar marka, na dawo daga tatsa da ƙwarya a ka sai na ji ruwa yana bin ƙafata. Kafin azahar ya faɗo. Bai fi tafin hannun ubansa biyu ba, kuma bai yi kuka ba, sai wani nishi yake yi ɗaya bayan ɗaya, irin na tsohon da ya ɗauki dami. Duk jan numfashi sai haƙarƙarinsa ya lotsa ciki, hancin ya buɗe, leɓen yana yin baƙi. Ungozomarmu, Allah ya jiƙanta, ta taɓa yin kwas a Gwandu. Ta dube shi sau ɗaya ta ce a nemo mota yanzu-yanzu. Inna ta ce bakwaini ai naɗe shi ake yi da auduga a hura masa wuta a ɗaki. Ungozoma ta ce wanda ake naɗewa da auduga yana numfashi da kansa, wannan ba ya yi. Ba a ɗauko ludayi ba ranar, Inna ta ce ba sai an wahal da tururuwa ba, an riga an san amsa.

A Gwandu suka sa masa iska suka ce mu wuce Kalgo, can ne akwai kwalba. Na yi tafiyar nan da shi a cikin rigata, fatarsa a kan tawa kamar yadda malamar asibitin ta ce, ruwa yana dukan gilashin mota, kunnena yana kan nishinsa. Inna tana gaba tana jan carbi. Mijina yana gefena ya zuba wa hanya ido. Mutum ne mai haƙuri, irin haƙurin nan da na kusa da mai shi ke shan wahalarsa.

Ɗakin jariran a Kalgo ba mai shiga sai uwa, ita ma sai ta cire takalmi ta wanke hannu har gwiwa. Aka sa shi a kwalba, wato akwatin gilashi mai ɗumi, aka maƙala masa roba mai baki biyu a hanci, ɗaya ƙarshen yana cikin wata gorar ruwa da ke ta ɓulɓula. Likitan ya ce huhunsa ne bai nuna ba, duk fitar numfashi sai ya manne, iskar nan ce ke riƙe shi a buɗe. Ban fahimci komai ba sai abu ɗaya, muddin gorar nan tana ɓulɓula ɗana yana nan. Dangi kuwa a waje suke zama, ƙarƙashin itatuwan dogon yaro, kowa da tabarmarsa da murhunsa. Can Inna ta shimfiɗa tata.

Washegari da hantsi wata nas ta miƙo mini ɗan kofi mai murfi. Gajeruwa ce, 'yar masuntan Argungu, bakinta ya fi nawa kaifi, kowa Sista yake ce mata.

Ta ce, "Mai jego, tatso mini."

Na ce, "Sista, nonona ba ya shayuwa."

"Wa ya ce?"

Na gaya mata. Na yi zaton za ta yi dariya, ba ta yi ba. Ta ce, "'Ya'ya nawa?" Na ce biyu. Sai ta ce, "To ki saurare ni. Cikin ɗan nan ba abin da zai ɗauka kamar naki. In kika hana shi, ba ni da abin ba shi da ya kai shi. Tatso, ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Na juya wa ƙofa baya na tatsa. Abin da ya fito bai cika cokali ba, rawaya, mai kauri. Sista ta zuƙe shi da sirinji, ta haɗa da wata siririyar roba da aka zura ta bakinsa har ciki, na ga yana gangarawa a hankali har ya ɓace. Wallahi na tsaya a wurin ina jiran ya mutu. Na tsaya har ƙafafuna suka sage. Ya motsa ƙafa, ya yamutsa fuska, gora ta ci gaba da ɓulɓula. Bayan awa uku Sista ta sake miƙo kofin.

Kwana huɗu ina wannan ban gaya wa kowa ba. In zan fito wurin Inna cin tuwo sai in ɗaure ƙirji yadda ta saba gani. Ta tambaye ni me suke ba shi, in ce ƙarin ruwa. Ba ƙarya na yi ba gaba ɗaya, akwai robar ruwan a hannunsa.

Ran na shida da safe, kafin su Inna su tafi gida raɗin suna, likita ya kira ni da mijina. Ya ce yaro yana karɓar nono, yanzu za su fara ƙara masa wani abu kaɗan a ciki, zinki, yana son mu sani mu kuma amince. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mijina ya juyo ya kalle ni, ya mai da kai ga likita ya ce, "Wane nono?" Likita ya ce na uwarsa mana. Mijina ya haɗiye wannan, sai ya kama na biyun. Ya ce, "Likita, zinkin nan na san shi, na zawo ne. Zawo yake yi?" Muryarsa ta karye, don ya tuna wanda ya kai Gwandu. Likita ya ce a'a, ya yi ta bayani, mijina yana ta gyaɗa kai irin na wanda hankalinsa ya riga ya tafi wani wuri. Ya amince. Da muka fito na roƙe shi kada ya gaya wa Inna, ya ce to. Tun ba su wuce Birnin Kebbi ba ya gaya mata, daga baya shi da bakinsa ya ba ni labari.

Aka yanka rago a gida ba jariri ba mai jego. Ran na takwas suka dawo, Inna da fulas a ƙarƙashin mayafi. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta zaunar da ni a tabarma ta sassauta murya.

"Ɗiyata, kin ci amanata, amma ba wannan tak kawo ni ba. Ki yi tunani. In nonon ga lahiya shike, mi yas sa likita ka zuba mishi magani kahin a ba yaro? Ana sa ma abinci mai kyau magani? Su ma sun gani, kunyar hwaɗa miki sunka ji. Kuma maganin zawo na. Ki tuna mi yak kashe na baya."

Ta ɗora hannu a kan fulas ɗin. Madarar jar saniyarta ce, ta dafa da kanta. Ta ce bayan la'asar mijina zai shiga ya ce wa likita a daina ba da nawa a ba da wannan, in sun ƙi a ba mu yaronmu mu tafi gida.

Ba zan ɓoye ba, maganar ta shige ni. Ta yi ma'ana, shi ne abin tsoron. Lokacin tatsa ya yi, na zauna a bakin baranda da kofi a hannu na kasa buɗe shi. Sai tsoron ya juye ya zama fushi, ni dama haka nake, ban iya kuka ba sai na fara masifa. Na faɗa ɗakin jariran ko hannu ban wanke ba, na ce, "Sista, ashe yaudarata kuke yi? Kun san da dafi kuka bar ni ina ɗura masa kuna bi da magani?"

Ta ce, "Fita ki wanke hannu."

Na fita na wanke, na dawo da sauran masifata. Ta kama wuyan hannuna ta ja ni kwalba ta uku daga tamu. Ta ce uwar wannan 'ya'yanta biyar a gida, duk ita ta shayar da su, ba wanda ko ƙwarzane ya same shi. Ta ɗauko 'yar kwalbar maganinsa ta nuna mini, irin tamu sak. "Ita ma dafi gare ta?" Ta ce a watannin ƙarshe na ciki ne ɗa yake ɗibar guzurinsa daga jikin uwa, zinki yana cikin guzurin, nawa kuwa ya fito ana tsakiyar ɗaura masa kaya. Abin da bai samu ɗiba ba ake cika masa, ana sa shi a nono ne don ta nan hanya take zuwa cikinsa. Ta nuna gora ta ce, "Ba zinki ke numfasa masa ba, ga mai wannan aikin can. Likita ma bai ce shi zai tashe shi ba, taimako ne, tashi na Allah ne. Amma wankin nono? Nononki ba shi da dattin da za a wanke."

Na ce, "To tururuwa fa?"

Ta ce, "Ke kam! Ni jarirai na karanta, ban karanta tururuwa ba. Je ki tatso, kin sa ɗana jira."

Ina cikin tatsar nan abin ya faɗo mini, ba wanda ya gaya mini. Kowace safiya ta Allah, in na ɗaga faifai daga ƙwaryar madarar jiya, me nake fara yi? Tsame matattun tururuwa. In tsame su da yatsa in yarfar, mu dama fura mu sha, in kai saura Gwandu ranar kasuwa mutane su sha su ce a ƙaro. Inna ma haka take yi, a hannunta na ga an fi iya yarfarwar. Shekara nawa muna wannan, ba wanda ya taɓa cewa saniya tana da dafi. Na zauna da kofi a hannu, na rasa wa zan fara mari, sai na ga da kaina ya kamata in fara.

Na miƙa wa Sista kofin na fita. An idar da la'asar, ƙarƙashin itatuwan nan ya cika, masu jinya suna hura wuta, maza suna naɗe darduma. Mijina ya miƙe ke nan da fulas a hannu. Na karɓe fulas ɗin. Na durƙusa gaban Inna, na zuba madarar a murfi, na miƙa hannu gindin itace na kamo tururuwa na jefa a ciki. Ban san abin da zai faru ba, wallahi ban sani ba, da ta fita da na kaɗe. Ta yi ta juyi a cikin maiƙon, ta nufi gefe ta zame, ta sake ta zame, sai ƙafafun suka tsaya. Na kamo ta biyu, don ni ma sau biyu aka yi mini. Ita ma haka. Kafin nan mata sun kewaye mu.

Na ce, "Inna, ga nonon jar saniya. Mugu ne?"

Ta daɗe tana kallon murfin. Ta ce, "Tururuwar Kalgo ta, ba ta gida ba."

Nan tura ta kai bango. Na ce da ƙarfi, yadda na can bakin ƙofa ma ya ji, "Ta gida muke tsamewa a ƙwarya kullum da safe, ni da ke! 'Ya'yana biyu, Inna. Suna kuka a ɗakinki, abincinsu yana zuba a zanena. Ba dafi ya kashe su ba, hana su aka yi!"

Mijina ya daka mini tsawa, karon farko tun aurenmu, ya ce uwarsa ce nake wa wannan magana, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na juya kansa. Na ce, "Malam, kai makiyayi ne. Ka taɓa hana maraƙi dakashin uwarsa?" Ya kau da kai. Na ce ya amsa mini gaban mutanen nan. Ya sunkuyar da kai ya ce wanda bai sha ba ba ya ganin kaka. Wani dattijo daga gefe ya ce, "Yarinya, ji tsoron Allah, a bar kaza cikin gashinta." Na ce, "Baba, ban da kai a ciki, ba naka aka binne ba." Sannan na gaya musu duka, wanda zai fitar da ɗan nan daga kwalba sai ya fara bi ta kaina, in kuma saki ne a rubuta a ba ni nan take, ba inda zan gusa. Na tsame tururuwan biyu da yatsa na yarfar, na ɗaga murfin na shanye. Madara ba a zubar da ita a ƙasa, ko ana faɗa.

Inna ta miƙe tana naɗe tabarma. Na ga idonta. Ba fushi ba ne a ciki, da fushi ne da na ji daɗi. Matar nan ita ta raini yaran nan biyu, a cinyarta suka cika, ta yi musu kukan da ni kunya ta hana ni yi. Ta gane abin da na faɗa, kuma ba ta da inda za ta aje shi. Na ji tausayinta, amma ban janye ko kalma ɗaya ba. Da za ta tafi ta tsaya ta ce, "In ya mutu, a wuyanki." Na ce na ɗauka.

Kwana biyu bayan nan cikinsa ya kumbura. Ya yi tsauri yana ƙyalli, abin da Sista ta zuƙo ta robar bakinsa ya fito kore. Likita ya ce a tsayar da nono, a bar hanjin ya huta. Ya ce hakan yana samun bakwaini, ya faɗa sau biyu yana kallon fuskata. Ni ba abin da nake ji sai "a wuyanki". Labari ya fita ƙarƙashin itatuwa kafin in fita. Wata mata da ban ma sani ba ta ce, yadda zan ji, bakin uwa ba ya faɗuwa ƙasa. Na ce mata ta kula da tukunyarta tana ƙonewa, na wuce bayan banɗaki na yi amai don tsoro.

Sista ta ce in ci gaba da tatsa, ta riƙa sa wa a firji. Duk awa uku sai in zauna in tatsa wa ɗan da ba ya sha. Kofuna suka jeru. Ban san ko abinci nake tarawa ba ko shaidar da za a kama ni da ita, amma ban tsallake ko sau ɗaya ba, don na riga na faɗa gaban mutane, kuma in zai tafi na fi son ya tafi da nawa a cikinsa. Mijina ya kai uwarsa gida ya dawo, ya ji abin da ake ciki, bai ce mini ga shi nan ba, bai kuma ce sannu ba. A rana ta biyu da hantsi ya zo bakin baranda ya aje mini kwano, kunun kanwa ne da zafinsa. Ya ce, yana kallon wani wuri, "An ce yana kawo nono." Ya juya ya tafi. Na sha ina hawaye ina zaginsa a raina.

A rana ta uku cikin ya saki. Aka koma ba shi kaɗan-kaɗan, daga baya aka mai da zinkin. Wata safiya na shiga na ji ɗakin ba ƙarar da na saba, gorarmu ta yi shiru. Na kurma ihu har na tada jariran mutane. Sista ta ce, "Rufe mana baki, dubi hancinsa." Ba roba. Ƙirjin yana hawa yana sauka shi kaɗai, ba lotsawa, ba nishi.

Inna ba ta sake zuwa Kalgo ba. Da muka koma gida ta yi shekara biyu ba ta ci abin hannuna ba. Yaron kuwa ita ta goye shi har ya fi ƙarfin bayanta, ba ta taɓa ce mini kin yi gaskiya ba, ni ma ban taɓa ce mata yi haƙuri ba, haka muka zauna. Amma wannan duk daga baya ne.

Ran da muka cika sati uku da kwana biyu, Sista ta ciro shi daga kwalba ta zare robar bakinsa, ta ce in zauna in buɗe riga, yau da kansa zai ci. Ta ɗora mini shi ta juya za ta tafi wurin wani. Na riƙe shi kamar ƙwaryar da ta cika, na rasa ta ina ake farawa. Ta waiwayo ta ce, "Mai jego, haihuwa uku fa, sai an nuna miki?" Sai ta tuna, ta kama bakinta.

Na ce, "Ban sani ba. Koya mini."

Ta durƙusa ta gyara mini hannu, ta tallafo kansa, ta shafa masa a leɓe. Ya kau da kai, ya dawo, ya buɗe ɗan bakin nan ya kama. Ashe da zafi. Ba wadda ta taɓa gaya mini da zafi, wani abu ya tsirga mini daga ƙirji har mara, na ce wash, ban cire shi ba. Ya ja sau uku, ya huta, ya ja sau biyu, barci ya kwashe shi da nono a gefen baki.

Sista ta ce ya isa na yau, in kawo shi ta mayar kada ya yi sanyi. Na ja zane na rufe shi a jikina, na ce ta je ta dawo, zai farka.

Na ce, "Rabon mutum uku ne a nan, Sista. Ko farawa bai yi ba."